Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga iyayenmu shugabannin ikkilisiya, a kan masu bisharar ƙauye

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Iyayenmu shugabannin ɗarikoki na Arewa, rabaran-rabaran da sakatarori da ma'ajiyai, da ku 'yan mishan na ƙasashen waje da har yanzu ba ku sake hannunmu ba, barkanku da aiki, Allah ya ƙara ƙarfi.

Ni 'yar wani mai bishara ce daga wani ƙauye a gindin dutse can wajen Michika, yanzu ina koyarwa a firamare, kuma ina cikin zumuntar mata. Ba zan faɗi sunan ƙauyenmu ba, ba zan faɗi ɗarikarmu ba, don da na faɗa shike nan za a ce ai da su wane take, sauran kuma su gyara zama su ce ba da mu ake ba, alhali maganar nan babu wanda ta bari a cikinku. Na san a tarbiyyarmu yarinya ba ta tsayawa gaban iyaye ta yi doguwar magana, shi ya sa na daɗe ina haɗiye abin nan, an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, toh nawa dai ya cika. Ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Bari in fara da abin da ku da kanku kuka koya mana. A 2023 da aka yi bikin cika shekara ɗari da zuwan bishara Garkida, babu wanda bai ji labarin tsamiyar nan ba, wadda 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada ta farko a ƙarƙashinta ranar 17 ga Maris 1923. An yi wa'azi a kai, an buga a zane, mata sun ɗaura. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekarar da ta biyo baya, 1924, matar Kulp wato Ruth ta rasu a nan Garkida, aka binne ta a ƙasarmu, kuma mutumin nan bai tattara kayansa ya koma Amurka ba, ya zauna wajen shekara arba'in, ya koyi Bura ya koyi Margi. Suka buɗe asibiti, suka buɗe wurin jinyar kutare a lokacin da kuturu ko danginsa ba sa cin abinci kwano ɗaya da shi. Har zazzaɓin Lassa da duniya ta sani yau, daga garin Lassa namu ya samo suna, saboda wata nas ta mishan mai suna Laura Wine da ke aiki a asibitin can ce ta kamu da shi ta mutu a 1969. Kafin su ma, mutum uku da suka zo a 1893 da nufin shiga ƙasar Hausa, biyu daga cikinsu, Gowans da Kent, ba su yi shekara biyu ba suka mutu, Bingham kaɗai ya rage, kuma ya sake dawowa.

Ba cewa nake mala'iku ba ne. A inuwar Turawan mulki suka shigo, wasunsu sun raina kakanninmu, sun hana ganga da rawar da babu laifin komai a ciki, wannan duk an sani. Amma abu ɗaya ba za a ƙwace musu ba, inda ciwo yake nan suka je suka zauna. Kuma in za a faɗi gaskiya Bature nawa ne ya hau duwatsun nan namu? Waɗanda suka kai bishara lungu-lungu ai baƙaƙen fata ne, kutaren da suka sami sauƙi a Garkida suka koma garuruwansu da waƙa a baki, da malaman aji na ƙarƙashin itace, da tsofaffin da ko rubuta sunansu da kyar suke yi. Babu hotonsu a kalanda. Babana ɗaya ne daga cikin jikokin irin waɗannan.

Shekara sama da talatin yana aikin bishara kuma ba a taɓa naɗa shi rabaran ba saboda karatunsa bai kai ba, makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa kawai ya yi. Yana da baƙin keke da wata jakar buhu da Mama ta ɗinka masa, a ciki akwai Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi da alli da man zafi da ɗan maganin ciwon ido, don duk ƙauyen da ya shiga sai an kawo masa yaro mai kwantsa. Ƙararrawar majami'armu tsohon wilin mota ne da aka rataye a jikin itacen maina, shi yake buga ta da kansa tun da asuba da wani guntun ƙarfe, ni kuma aikina share dakalan da muke zama a kai. Albashinsa in an samu, rabi kuɗi ne rabi dawa, in damuna ta yi kyau mu ci, in ba ta yi ba shi da membobi duk tare ake jin yunwar, don baikon ƙauye ai hoton rumbun ƙauye ne. Shi ne mai wa'azi, shi ne mai raba gardamar iyakar gona, shi ne mai zama da mai naƙuda a bakin ƙofa yana addu'a, shi ne mai wanke gawa in kowa ya ji tsoro. In za a yi baftisma ko ɗaurin aure ko jibin Ubangiji sai ya hau keke ya je ya roƙo rabaran daga gari, ya dafa masa kaza ɗaya tilo da muke da ita, rabaran ya gama ya tafi, shi ya ci gaba da zama da mutane.

Sai 2014 ta zo. Ku kun san kwanakin nan fiye da ni amma bari in tuna muku yadda suka zo mana a jere. A watan Afrilu 'yan Boko Haram suka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, akasarinsu 'ya'yan ikkilisiya. A Agusta Gwoza ta faɗi, muka fara ganin mutanen bayan dutse suna wucewa da tabarmi a ka. Daga nan Madagali, daga nan Gulak. Ranar Lahadi 7 ga Satumba suka shigo Michika, mu muna cikin sujada ne, 'yan kwaya ba su ma gama waƙar baiko ba muka ji harbi daga wajen gari kamar ana fasa dutse, wani yaro ya shigo a guje a kan mashin ya ce ku tashi. Baba bai gudu nan take ba. Ya tsaya a bakin ƙofa sai da kowa ya fita, ya ce kowa ya bi hanyar dutse kada a bi titi, sannan ya koma ciki ya ɗauko littafin rajistar ikkilisiya, wani dogon littafi mai baƙin bango da sunan duk wanda aka yi wa baftisma da wanda aka ɗaura wa aure da wanda aka binne tun kafin a haife ni, ya naɗe shi a leda biyu ya sa a tulu ya binne a bayan rumbunmu. Mama tana ta faɗa, ana gudun rai kai kana haƙa rami, ya ce mata in mun dawo da me zan san tumakina.

Kwana tara muka yi a kan dutse. Ɗanyar gyaɗa da masarar gonakin mutane muke ci, ruwan sama yana dukanmu, akwai matar da ta haihu a cikin kogo, Mama da wasu tsofaffi biyu suka karɓi haihuwar, da bakin fartanya aka yanke cibiya. Kowane dare Baba sai ya tara mu a yi addu'a da murya ƙasa-ƙasa, waƙa ma a maƙogwaro ake yinta don kada sauti ya sauka. Daga nan muka gangara ta Kamaru muka zagayo Mubi muna cewa mun tsira, ashe saura. Ranar 29 ga Oktoba Mubi ma ta faɗi, a ranar ce aka shiga hedkwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da ke Kwarhi har shugabanninta suka koma Jos da zama na wani lokaci, mu kuma muka sake ɗaukar ƙafa, wannan karon zuwa Yola. A Yola na ga abin da ba zan manta ba, layin mutane a harabar majami'ar Saint Theresa ana raba masara, ba a tambayar ɗarikarka, ba a ma tambayar addininka. Wannan na yaba, kuma duk wanda ya sa hannu a ciyarwar nan, na gida da na waje, Allah ya saka masa. Ban rubuto don in ce ba ku yi komai ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da ya biyo bayan komawa. Sojoji sun karɓe Michika a farkon 2015, kuma kafin damuna Baba ya ce shi zai koma. Muka ce Baba gadar Kudzum ma a karye take, babu asibiti babu makaranta, ya ce mutane sun fara komawa don su yi shuka, kuma ba za a ce tumaki sun koma makiyayi yana Yola yana bin layin masara ba. Ya tarar an ƙone majami'a, kwanon rufin ya lanƙwashe kamar ganye, gidanmu babu ƙofa babu taga, amma wilin motar nan yana nan a rataye a jikin maina. Ya haƙa bayan rumbu ya sami tulun, littafin bai ko jiƙe ba. Ranar Lahadin farko ya buga ƙararrawa mutum goma sha ɗaya suka zo, suka zauna a ƙasa. Maimakon wa'azi sai ya buɗe rajistar ya fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya, in ya kira sai wanda ya san labari ya amsa, wannan tana Yola, wannan yana sansanin Minawao a Kamaru, wannan an yanka shi a gona, wannan an tafi da ita ba a sake jin ɗuriyarta ba. Yana sa alama da fensir a gefen kowane suna. Mama ta ce ba su kai rabin littafin ba kuka ya hana.

Iyayenmu, wannan mutumin da irinsa su ne suka riƙe ikkilisiya a Arewa maso Gabas. Su ne suka binne gawarwakin da aka tarar a daji watanni bayan an kashe su. Su ne suke kwana da takalmi a ƙafa har yau a ƙauyukan Madagali da Askira da Chibok da bayan dutsen Gwoza, don ba a san daren da za a zo ba, kun dai ga Garkida kanta an shige ta a Fabrairun 2020 an ƙone majami'u, kun ga harin da aka kai Pemi kusa da Chibok a jajibirin Kirsimeti na shekarar. Mun san sunan Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, wato CAN, na Michika da aka kama a farkon Janairun 2020 aka kashe shi ranar 20 ga watan, duk mun kalli bidiyon nan da ya yi magana a natse yana miƙa komai ga nufin Allah, kuma ya cancanci a tuna da shi har abada. Amma a bayansa akwai masu bishara da katikis da dattawan ikkilisiya da aka kashe babu bidiyo babu sanarwa, matansu suna nan suna sayar da ƙosai a bakin tasha.

Babana bai mutu da harsashi ba. Hawan jini ne da ciwon suga suka ci shi a hankali, a damunar 2022 ya rasu. Shekara bakwai bayan komawarsa yana sujada a ƙarƙashin rumfar kara, ya rubuta takarda ta neman bandir ɗin kwano har sau nawa ban sani ba, ni nake rubuta masa wasu, kullum amsar ita ce kwamiti zai zauna. Da ciwo ya kwantar da shi na ɗauki takardun asibiti na je wani ofishi da ba zan kira sunansa ba, na zauna a benci tun safe har la'asar, daga ƙarshe aka ce mini sunansa ba ya cikin waɗanda tsarin ya shafa saboda shi ba naɗaɗɗe ba ne. Akuyoyin Mama muka sayar. Ranar jana'iza kuwa motoci sun zo, an yi jawabai masu daɗi, an kira shi jarumin bangaskiya, an ba Mama ambulan. Wata uku bayan haka aka aiko cewa ta fitar da kayanta daga gidan ikkilisiya don sabon ma'aikaci zai shigo, gidan da ita da Baba suka sake ginawa da hannunsu da laka bayan an ƙone shi. Ban ce sabon ma'aikaci ya kwana a waje ba, shi ma ɗan wani ne. Amma shin babu wanda ya zauna ya yi tunanin ina matar nan za ta je? Tana wurina yanzu, ɗaki ɗaya da jikokinta. Kuma duk taron zumuntar mata da na je sai na haɗu da irinta.

A lokaci guda kuma in ka shiga Abuja ko Jos ko Yola ko Kaduna, majami'u ne ake ta rushewa ana sake ginawa da bene da tayil da gilashi, ana harhaɗa kuɗin janareto na biyu da motar fasto. Su waye a ciki? Mu ne, 'ya'yan ƙauyukan nan ne da masu bisharar nan suka koya wa a, ba, ca da alli a jikin allo. Ba na baƙin ciki da ginin, ɗakin Allah ya kamata ya yi kyau, amma kuɗin tayil ɗin bagadi ɗaya zai rufe majami'un ƙauye nawa? Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 mai bisharar da ke da mashin ya jingine shi, taki ya gagari talaka, gonar nesa ba ta nomuwa saboda tsoro, ta kusa kuma ta gaji. Membobin da ba su ci sun ƙoshi ba su ne ake jira su biya albashin ma'aikacinsu sannan su aika kaso sama. Wato inda aka fi shan wuya nan ne ma'aikaci ya fi talauci, kuma in an tura matashin da ya gama makarantar tauhidi can sai ya ɗauka horo ne ake masa, ya fara neman wanda zai yi masa hanya a mayar da shi gari. Kulp daga Amurka ya nemi Garkida, mu ɗanmu daga Garkida yana neman Abuja. Ban ga laifin yaron sosai ba, ya ga yadda aka yi da irin su Babana.

Sai maganar siyasa, wadda na san ba a so a taɓa. Duk lokacin zaɓe muna ganin yadda ake kawo 'yan takara sujadar godiya, a ba su kujerar gaba, a ba su makirfo a kan bagadi, su yi alkawarin miliyoyi ana tafi. Wasu har a ce mana wane ne zaɓin Allah. Bayan zaɓe in an kai hari ƙauye sai mu jira mu ji muryarku, wani lokaci mu ji, wani lokaci kuma shiru saboda wanda ya kamata a tsawata wa shi ne ya ba da kuɗin rufin hedkwata. Bakin da ya ci ai shi ke jin kunya. Ni ban ce kada ku yi hulɗa da masu mulki ba, dole ne, ku ne bakinmu a wurinsu. Amma in kun shiga wurin gwamna ku shiga da sunayen ƙauyukan da babu soja babu asibiti babu malami, ku shiga da maganar Leah Sharibu da aka ɗauke a Dapchi tun Fabrairun 2018 da sauran 'yan matan Chibok da har yau ba su dawo ba, da dubban mutanenmu na Gwoza da suka haura shekara goma a sansanin Minawao a Kamaru, yaran da aka haifa a can ba su taɓa ganin dutsen kakanninsu ba. Kada ku fito da kujerar zuwa Urushalima kawai.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, shi ne zuciyar matasanmu. Bayan an koma Michika har kasuwa sai da ta rabu, Kirista suna cin tasu ran Asabar, Musulmi ran Lahadi, mutanen da suka tashi tare, wasu ma uwa ɗaya uba ɗaya, don a wajenmu da wuya ka sami gidan da babu addini biyu. Ba zan ɓoye ba, akwai waɗanda suka nuna gidajenmu, akwai wanda muka ga ƙofar ɗakinmu a jikin gidansa. Ƙanina ya so ya ɗauki adda a kan ƙofar nan, Baba ya zaunar da shi dare guda cur yana masa magana, da safe ya je da kansa ya gaida mutumin ya ce ya bar masa ƙofar. Na yi fushi da Baba a lokacin, gaskiya sai da na yi shekaru kafin na gane. Amma kuma akwai wani Bafulatani maƙwabcinmu da ya kora awakin Mama uku cikin garkensa ranar da muka gudu, da aka dawo ya kawo mata bakwai, ya ce sun haihu a hannunsa amma ba nasa ba ne. Su ne awakin da muka sayar muka yi jinyar Baba. Kuma waɗanda suka ƙone majami'armu su ne suka kashe Sarkin Gwoza Idrissa Timta a Mayun 2014, su ne suka tashi bam a masallaci a Mubi ana sallar asuba a Nuwamban 2017 mutane wajen hamsin suka mutu. Liman Abubakar Abdullahi na Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci sama da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa a 2018. Bishop Stephen Mamza na Yola da ya gina wa 'yan gudun hijira gidaje bai tsaya a majami'a ba har masallaci ya gina wa Musulmin cikinsu, wasu namu suka zage shi a kan haka, ni kuwa na ce wannan ya karanta Littafin da Babana ya karanta.

Wa zai zaunar da yaro dare guda ya sauke masa adda daga hannu? Ba takardar bayan taro ba ce, ba bitar kwana uku a otal ba ce. Mai bisharar da ke kwana a ƙauyen ne, wanda shi ma an ƙone nasa gidan, shi ya sa in ya ce a yafe ake saurarensa. In kuka bar irin waɗannan suka ƙare saboda yunwa da rashin kulawa, wanda zai maye gurbinsu a kunnen yaranmu shi ne mai ihu a Facebook da TikTok yana cewa a rama, shi kuwa yana zaune a inda harsashi ba ya kaiwa.

Ku kuma 'yan'uwanmu na Amurka da Jamus da Siwizalan da Ingila, mun gode, masarar da muka ci a Yola da irin shuka da aka raba mana akwai guminku a ciki. Roƙona ɗaya ne, in ana maganarmu a majalisunku da gidajen talabijin ɗinku kada mu zama lamba kawai da ake jifan abokin hamayya da ita. In kun zo kada ku tsaya a Abuja da Jos ku ɗauki hoto da manya ku karɓi rahoto ku koma. Na san akwai inda ba za a bar ku ku shiga ba, amma ku nemi a kawo muku mai bisharar ƙauye da gwauruwar mai bishara su zauna da ku da tafinta, ku tambaye su abin da ya iso hannunsu.

Iyayenmu, ga abin da nake roƙo, kuma a durƙushe nake roƙonsa. Ku sa albashin ma'aikatan wuraren haɗari a asusu ɗaya na ɗarika, a riƙa biyansu daga sama kamar kowa, kada a bar cikin mai bishara ya dogara da rumbun da aka ƙone. Kowace babbar majami'ar birni ta ɗauki ƙauye ɗaya ko biyu ta riƙe da gaske, da rufi da taki da kuɗin makarantar 'ya'yan ma'aikaci, a riƙa karanta rahotonsa a gaban jama'a kamar yadda ake karanta na gini. A cire bambancin naɗaɗɗe da wanda ba naɗaɗɗe ba a wajen jinya da fansho, tunda masu harbi ba sa tambayar takardar naɗi. Kuma kafin a ce wa gwauruwa ta fita daga gidan ikkilisiya a fara nuna mata inda za ta shiga, ko ɗaki ɗaya ne da rufin kwano, Yakubu 1:27 ku kuka koya mana ita a makarantar Lahadi. Sannan ku zo. Ba ziyarar awa biyu da jiniya da rakiyar sojoji ba, ku zo ku kwana, ku ji yadda kare in ya yi haushi da tsakar dare duk ƙauye ke farkawa, ku yi sujadar safe da mutum ashirin a rumfar kara. Ko sau ɗaya a shekara shugaban ɗarika ya yi haka, ma'aikacin da ke can zai ji shi ma ɗa ne a gidan.

Littafin rajistar nan da na faɗa muku, sabon ma'aikaci ya buɗe wani sabo, tsohon yana wurin Mama a ƙasan akwatinta cikin ledar da Baba ya naɗe shi. Alamomin fensir ɗin sun fara dushewa. Na tabbata akwai irinsa a ƙauyuka da yawa, wasu a littafi wasu a kan tsofaffi kawai, kuma tsofaffin suna tafiya. Ku turo mutane su bi ikkilisiya-ikkilisiya su kwafe sunayen nan tun ana iya karantawa, wanda aka kashe da wanda aka sace da wanda har yau ba a san inda yake ba, da maƙwabtan da suka ɓoye mu su ma a rubuta su. In kun tashi turowa ku fara da namu, Mama ta ce za ta ba da shi, amma da sharaɗin wanda ya zo karɓa zai zauna ta karanta masa sunayen da bakinta, don akwai waɗanda Baba bai kai ga sa musu alama ba, ita ce kaɗai ta san inda suka ƙare.

Taku a cikin Ubangiji,
'yar mai bishara daga gindin dutse.